Babi na Tara: Gyaran Tsohon Jirgin Su da Sabunta Shi

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin sana'ar su da kayan aikinta, irin su taru da birgi da koma da mamari. Wannan babi zai tsaya ne a kan abu guda daga cikin kayan, wato jirgin da masunci ke shiga ruwa da shi, musamman idan ya kwana biyu ya fara neman gyara. Dalilin keɓe masa babi shi ne, jirgi ya fi duk sauran kayan masunci tsada, kuma lalacewarsa ce kan kai ga rasa rai. Idan taru ya yage, kamun rana guda aka yi asara. Idan jirgi ya tsage a tsakiyar ruwa, magana ta wuce ta kifi.

Ɗalibin da ya tashi a cikin ganuwar birnin Zariya zai iya ɗauka cewa wannan batu na mutanen Yawuri ne da Argungu da bakin Tafkin Cadi. Gaskiya ne an fi sanin Zazzagawan birni da malanta da ɗinki da gini da fatauci, amma ruwa bai yi musu nisa ba. Kogin Kubanni ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ya je ya haɗu da Galma, shi kuma Galma ya bi ta gabashin gari kafin ya zuba a Kogin Kaduna. An datse Galma domin bai wa gari ruwan sha, an kuma datse Kubanni a Samaru domin Jami'ar Ahmadu Bello. A waɗannan ruwaye ana su, da damina kuma ana fito. Sarautar Sarkin Ruwa ma tsohuwa ce a ƙasar Zazzau. Saboda haka malamin da zai koyar da sana'o'in gargajiya a Zariya ba shi da uzurin cewa babu abin da zai nuna wa ɗalibansa.

9.1 Kalmar Jirgi

Asalin abin da Bahaushe ya sani da sunan jirgi shi ne na ruwa. Da layin dogo ya iso Zariya da Kano a 1911, sai aka aro sunan aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya sauka Kano a 1925 aka ce jirgin sama. Daga nan ne ya zama dole a riƙa cewa jirgin ruwa domin bambancewa. Wannan misali ne mai kyau na faɗaɗa ma'ana. Ƙaramin jirgi kuwa ana kiransa kwalekwale, a wasu wurare kuma komi, kalmar da ake kiran abin shayar da dabbobi da ita, domin sassaƙarsu iri ɗaya ce.

9.2 Ire-iren Jiragen Su

Na farko shi ne sassaƙaƙƙen jirgi, wanda ake rarake shi daga gungumen itace guda da gatari da gizago. Wannan fasaha ta daɗe ƙwarai a wannan yanki. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani jirgi a binne. An tono shi a 1994, tsawonsa ya ɗan haura mita 8, kuma bincike ya nuna shekarunsa sun kai kimanin 8,000. Yana cikin jirage mafi daɗewa da aka gano a duniya.

Itatuwan da aka fi sassaƙa jirgi da su sun haɗa da maɗaci da kawo da maje da rimi. Maɗaci da kawo suna da tauri da nauyi, suna wahalar da masassaƙi, amma suna jure ruwa shekara da shekaru. Rimi kuwa, wanda birnin Zariya ya yi suna da shi har unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko suka ci sunansa, yana da girma da laushi da rashin nauyi. Sassaƙa shi ba wuya, sai dai ruɓewarsa ma ba wuya. Mai gyara yakan fara da tambayar irin itacen, domin amsar ce za ta nuna masa ko jirgin ya cancanci wahala.

Na biyu shi ne jirgin katako, wanda kafinta ke haɗawa da zarto da guduma da ƙusa. Yana da shimfiɗaɗɗen ƙasa da gefe biyu, da wasu katakai da ke gicciye daga ciki suna riƙe da shi kamar haƙarƙari. Shi ne ya fi yawa a yau, saboda manyan itatuwan da za su ba da jirgi guda sun yi ƙaranci.

Na uku shi ne jirgin faiba, wanda ake yi da zaren gilashi da wani ruwan sinadari mai daskarewa kamar ƙaro. A cikin irinsa akwai wanda ake kafa sitiyari da wurin tsayuwar matuƙi a tsakiya, a bar gefuna duka a buɗe domin mai kamun kifi ya zagaya ko'ina. Kamfanin Boston Whaler na Amurka ya fitar da irin wannan a farkon shekarun 1960, kuma a can gyaran tsofaffinsa sana'a ce mai zaman kanta. A ƙasar Hausa ba kasafai masunci ke mallakarsa ba, an fi ganinsa a hannun hukumomi.

9.3 Yadda Jirgi Ke Tsufa

Mutane da yawa suna ɗauka ruwa ne ke ruɓar da itace. Da haka ne, da jirgin Dufuna bai kai labari ba. Abin da ke ruɓar da itace wasu ƙananan halittu ne dangin funfuna, kuma suna buƙatar damshi da iska a lokaci guda. Itacen da ya nutse ƙurmus inda iska ba ta kaiwa yakan daɗe, busasshe ma yakan daɗe. Wanda ke tsakani shi ke lalacewa. Don haka ruɓa takan fara ne a wuraren da ruwa ke kwanciya ya ƙi bushewa: ƙarƙashin haƙarƙari, da kusurwar baya, da mahaɗar katako da katako, da daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi. Ruwan saman da aka bari ya kwana a ciki ya fi na kogi ɓarna.

Abu na biyu shi ne bushewa. A Zariya ruwan sama kan ɗauke a watan Oktoba, sannan hunturu ya biyo da busasshiyar iska. Jirgin da aka jawo tudu aka bari a rana yakan tsuke, ya tsage bisa tsawonsa, mahaɗan katakai kuma su buɗe har a hango haske ta cikinsu. Idan a kan ƙasa tsirara aka ajiye shi, gara ta samu abinci. Tsofaffin masunta kan nutsar da sassaƙaƙƙen jirgi a ruwa mara zurfi idan ba za a yi aiki da shi ba, ko su ɗora shi a kan duwatsu a inuwa su kife shi.

Na uku shi ne ƙusa. Ƙusar ƙarfe takan yi tsatsa ta sirance, tsatsar kuma ta ci itacen da ke kewaye da ita har ramin ya yi mata yawa. Daga waje kan ƙusar yana nan lafiya lau. Wannan shi ne lahani mafi haɗari, domin jirgi zai yi ta aiki babu alama, sai ranar da aka yi masa lodi igiyar ruwa ta buge shi, katako ya ɓalle gaba ɗaya.

9.4 Bincike da Gyara

Hausawa sun ce ba a fafa gora ranar tafiya. Lokacin gyaran jirgi shi ne rani, kafin ruwa ya kawo. Akan fitar da shi a wanke, a kankare tsohuwar kwalta da fenti har naman itace ya bayyana, domin babu abin da ke ɓoye lahani kamar fenti. Daga nan mai gyara yakan bi jikin jirgin yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Itace mai lafiya yana ba da amo mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa amonsa a dushe yake. Inda aka yi shakka sai a soka basilla. Idan ta shige ba tare da an matsa ba, wurin ya mutu. Akan kuma zare ƙusa biyu ko uku daga wurare daban-daban a duba, su ne za su ba da labarin sauran.

A nan ne ake yanke hukunci mafi wuya, wato a gyara ko a haƙura. Idan ɓarnar a gefe take ko a katako ɗaya ko biyu, gyara ya fi saye. Idan kuwa ƙasan jirgin da haƙarƙarinsa sun tafi, kuɗin katako da ƙusa da ladan kafinta za su kusa kuɗin sabo, a ƙarshe kuma tsoho ne a hannu. Sau da yawa ƙauna ce ke hana masunci ganin wannan, musamman idan jirgin na gado ne.

Ƙaramar tsaga a sassaƙaƙƙen jirgi akan huda ɗan rami a ƙarshenta domin kada ta ci gaba, sannan a cusa mata auduga ko tsumma, a bi da narkakkiyar kwalta. Masu jirage na yankin Mopti a ƙasar Mali sukan haɗa da man kaɗanya wajen wannan liƙi. Bai kamata a cusa tsumma da ƙarfi a busasshen jirgi ba, saboda itace zai kumbura idan ya koma ruwa, abin da aka cusa ya zama kamar tsinken da ke ƙara buɗe tsagar. Idan tsagar ta yi faɗi, akan shafa kwalta, a shimfiɗa tsumma, a rufe da fallen langalanga a bi shi da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Wannan faci yana tsayar da yoyo, amma ba ya mayar wa jirgi ƙarfinsa, kuma ruwa kan ɓuya a ƙarƙashinsa. Jirgin da faci ya yi masa yawa abin tsoro ne.

Ruɓaɓɓen wuri ba shi da magani sai yankewa, kuma akan wuce iyakar ruɓar da kamar taƙi guda, domin cutar takan riga abin da ido ke gani. Wajen haɗa sabon katako da tsoho, ba a gwama bakinsu kai tsaye. Akan fere kowanne a karkace, tsawon firar ya ninka kaurin katakon kamar sau 8, sannan a ɗora su a kan juna. Haka kuma kada mahaɗai biyu su faɗo a layi ɗaya. Sabon katakon ya zama busasshe, ƙusa kuma ta zama mai rufin da ke hana tsatsa, ko da ta fi tsada.

Tarihi ya adana wani misali na irin wannan gyara. A 1805 Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya isa Sansanding a bakin Kogin Kwara, cikin ƙasar Mali ta yanzu, yana neman jirgi. Abin da ya samu jirage ne da rabinsu ya ruɓe. Shi da wani sojansa suka yanke ruɓaɓɓun sassan, suka haɗa masu lafiyan, aikin da ya ci kwana 18, aka sami jirgi mai tsawon ƙafa 40 da faɗin ƙafa 6. Ya sa masa suna Joliba. Haɗa guntaye biyu su zama jirgi guda kuwa abu ne da mutanen kogin suka daɗe suna yi tun kafin zuwansa. Wannan jirgi ya yi tafiyar fiye da mil 1,000, ya wuce Yawuri, kafin ya maƙale a duwatsun Busa a 1806, inda Park ya halaka. Tsohon garin Busa yana ƙarƙashin Tafkin Kainji tun da aka kammala madatsar a 1968.

Bayan an gama aikin itace sai a shafe ƙasan da kwalta, a yi wa sama fenti, a mayar da jirgin ruwa a bar shi ya jiƙa kwana biyu ko uku kafin a gwada shi da kaya a kusa da gaɓa.

9.5 Sabuntawa

Gyara shi ne mayar da jirgi yadda yake a da. Sabuntawa kuwa ƙara masa abin da ba a gina shi da shi ba ne, kuma galibi inji ake nufi. Injin da ake maƙalawa a bayan jirgi ya yaɗu ne bayan Ole Evinrude ya fara ƙera nasa a Amurka a 1909, kuma a yau samfurin Yamaha ya fi yawa a ruwayen Afirka ta Yamma. Amfaninsa a bayyane yake: masunci ya kai inda filafili da gora ba za su kai shi ba, ya kuma komo da kifi kafin rana ta taɓa shi.

Sai dai jirgin da aka gina domin filafili ba a yi masa wurin ɗaukar inji ba. Inji mai ƙarfin doki 15 nauyinsa ya kusa kilo 40, mai ƙarfin doki 40 kuwa ya haura kilo 70, kuma duk nauyin a wuri guda yake rataye. Ga turawar farfela, ga kuma girgiza da ke sassauta ƙusoshi a hankali. Don haka akan yanke bayan jirgin a kafa masa allon katako mai kauri, a tokare shi da gefuna da ƙasa, a ɗaure da noti maimakon ƙusa. Tsayin allon dole ya dace da ƙafar injin: gajeriya tana son kimanin inci 15, doguwa inci 20. Idan ya yi tsawo farfela za ta riƙa shan iska, inji ya rasa ruwan sanyaya kansa. Idan ya gajarta, ruwa zai riƙa shigowa ta baya, musamman lokacin da matuƙi ya rage gudu kwatsam igiyar da ya tayar ta cim masa.

A nan ne hikimar jirgi mai sitiyari a tsakiya take da abin koyi. Masu ƙera shi sun kai matuƙi da kayan tuƙi tsakiya ne domin nauyi ya rarrabu. Masunci ba ya buƙatar sitiyarin, amma zai iya matsar da tankin mai da taru gaba, kada shi da inji da mai su taru a baya goshin jirgi ya ɗaga sama. Hatta a wancan jirgi na faiba, wurin da ya fi lalacewa shi ne allon baya, domin akwai katako a cikinsa, ruwa kuma kan shiga ta ramukan noti ya ruɓar da shi alhali waje yana ƙyalli.

Irin wannan ne ya sa lulluɓe tsohon jirgin katako da faiba yake da haɗari. Yana hana yoyo nan take, jirgi ya fito kamar sabo. Amma idan itacen bai bushe sarai ba, ko akwai ruɓa a ciki, an kulle damshi ke nan a inda ba zai fita ba, an kuma rufe wurin da ya kamata a riƙa dubawa.

Shi kansa tsohon inji yana son a duba filogi da kafireta da tiyon mai, da ƙaramar robar da ke tura ruwan sanyaya shi. Idan ba a ga siririn ruwa yana fita ta bayansa ba, a kashe shi nan da nan. Irin wanda ake haɗa wa mai da fetur galibi lita 1 ce ga lita 50, amma littafin injin shi ne alƙali. Ya kamata a faɗa kuma cewa ba kowane ruwa ne ya cancanci inji ba. A wurare irin Galma da rani, inda yashi da kainuwa suka yi yawa, tafiyar kuma gajeriya ce, kuɗin mai zai iya cinye ribar kifin. Akwai sabuntawar da ta fi wannan araha da amfani: ɗaure rufaffun jarkoki a ƙarƙashin mazauni domin jirgi ya ci gaba da iyo ko ya cika da ruwa, da ajiye ƙwaryar kwasar ruwa, da filafilin ko-ta-kwana, da rigar kariya ga duk wanda ya shiga.

9.6 Abin da Sakaci Ke Jawowa

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya tarwatse a Kogin Kwara ɗauke da mutum fiye da 150. Kaɗan ne suka tsira, kuma jami'ai sun danganta abin da tsufan jirgin da yawan lodi. Ranar 30 ga Nuwamba ta wannan shekara, wani ya kife a madatsar Watari tsakanin Badau da Bagwai a Jihar Kano, mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Waɗannan jiragen fito ne, amma gininsu da na su iri ɗaya ne, kuma a ƙauyuka da yawa jirgi guda ne ke kamun kifi da asuba ya ɗauki 'yan kasuwa da hantsi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ita ke da alhakin sa ido, amma mashigai sun fi ma'aikatanta yawa. A aikace, Sarkin Ruwa da kafintan gari su ne suka san jirgin da ya gaji.

9.7 Koyar da Darasin a Aji

Wannan batu yana ba malamin Hausa kayan aiki fiye da na al'ada kawai. A fannin ginin kalma akwai masunci da masunta, matuƙi da matuƙa, masassaƙi da masassaƙa, ga kuma mashigi wanda ke nuna wuri. A fannin aro akwai inji da farfela da filogi da kwalta da fenti da kafinta, waɗanda ɗalibai za su iya bin yadda Hausa ta saka wasali tsakanin baƙaƙe domin su zauna a bakinta. A karin harshe akwai koma, wadda Kabawa ke kira homa. Akwai kuma maganganu irin su "jirgi ɗaya ya kwaso su", da yara ke faɗa ba tare da sun taɓa ganin jirgin ba.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce ziyarar gani da ido, a lokacin rani da ake gyara. Malami ya fara neman izinin Sarkin Ruwa ko dattijon masunta, ya kuma koya wa ɗalibai ladabin tambaya: a yi sallama, a gaida mutum da "Baba" ko "Malam", a bar shi ya ambaci sunan abu da bakinsa kafin a rubuta. Kada ɗalibi ya ba shi kalma ya ce ya tabbatar, domin kunya za ta sa ya amsa. Kada kuma a bar kowa ya shiga jirgi.

9.8 Aikin Ɗalibi

Kowane ɗalibi ya sami masunci ko kafintan jirgi a bakin Galma ko wani ruwa da ke kusa da garinsu, ya zana jirgi guda, ya rubuta sunan kowane sashe kamar yadda mai shi ya faɗa. Ya tambayi irin itacen, da shekarun jirgin, da wurin da aka fara yi masa faci. Sannan ya ware kalmomin da ya samo gida biyu, na asali da na aro, ya tsara darasin minti 40 a kansu domin ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare.